Duwatsun da Ba Su da Alama

Abduljalil ya ci amanar aiki, sannan ya ɗauki laifinsa ya ɗora wa dattijon da ya girme shi da shekara ashirin. Ba kuskure ba ne, ba kuma ɓacin rai na ɗan lokaci ba. Zama ya yi ya tsara ƙaryar, ya gyara mata zama, ya kai ta gaban mai gida da fuska a sake. Shi ne shugaban ma'aikata a wani gini da ake yi a Abhur, bakin teku, arewacin Jidda. Dattijon kuwa sunansa Isha'aku, magini, mutumin Damagaram.

Abin da ƙaryar ta nufa ta raba Isha'aku da shi ba ƙarami ba ne. Shekara ashirin da shida yana Jidda. A unguwar Karantina ya zauna da matarsa Rakia, a nan aka haifi 'yarsu Latifatu, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta ba da amsa da Larabci, ba ta kuma taɓa ganin Damagaram ba sai a hoto. Da aka rushe Karantina suka kwashe kayansu zuwa ɗaki biyu na haya a gabashin gari. A shekarar nan kuma kamfanin da ke matsayin kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya rufe. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, saura wata tara ta ƙare. In bai sami sabon kafili ba kafin nan, fita ce ta ƙarshe, shi da mace da 'ya.

Duk shekarun nan bulo yake jerawa, yana liƙa tayil a banɗakunan mutane. A wurin aiki ba wanda ya san akwai wani ilimi a hannunsa da ya wuce wannan, shi ma bai ga wanda zai gaya wa ba.

Ubansa maginin ƙasa ne, mai ɗaurin baka da azara, irin sorayen nan da mutum zai shiga ya ɗaga kai ya ga rufi ya lanƙwasa kamar cikin ƙwarya. A gindinsa ya tashi. Yana da shekara ashirin da huɗu neman abinci ya kai shi Faransa, ya faɗa hannun wani tsohon magini da ke gyaran wata majami'a a wani ƙauye cikin tsaunuka. Ginin ya kai shekara ɗari tara. A da gidan masu zuhudu ne na Nasara, waɗanda suka bar aure da kasuwa suka killace kansu. Faransawa na kiran irin wannan gini roman, wai don magina sun ɗauko hannun Rumawa: baka mai rabin da'ira, bango mai kaurin da mutum zai kwanta a kansa a gicciye, tagogi 'yan ƙanana, rufin dutse dogo kamar an tsaga ganga biyu an kifa.

Shekara huɗu ya yi da mutumin nan. Bai taɓa kiransa da suna ba, Tsoho yake ce masa, shi ma ya saba har yana amsawa. Tsoho ba shi da fara'a, ba ya yabo. Amma bai taɓa yi masa maganar addini ba, kuma in azahar ta yi shi ne zai duba agogo ya nuna masa gindin bishiyar da yake salla da haɓa.

A watansa na biyu Isha'aku ya yi kuskuren da sai ɗan maginin azara zai yi. A ginin ubansa baka ba ya bukatar abin tallafi daga ƙasa. Azara ake kafawa a bango, a ɗaure, a miƙo ta kaɗan, a shafe da ƙasa, a bari ta bushe, a ƙara wata a kanta, har hannu biyu su haɗu a sama. Kowane mataki yana riƙe da kansa. To da ya ga sun rufe wani ƙaramin baka na dutse, sai ya kama zare gadon katakon da aka jera duwatsun a kai, don yana ganin ya gama amfaninsa. Tsoho ya cire hularsa ya kwaɗa masa a hannu. Sannan ya zaunar da shi, ya ɗebo tsakuwa bakwai ya nuna masa. Bakan dutse ba a rataye yake ba. Kowane dutse so yake ya faɗi, ɗan'uwansa ne ke tare shi, nauyin kuwa ba ƙasa kawai yake bi ba, gefe yake tura bango. Shi ya sa bangon ke da kauri, shi ya sa tagar ke da ƙanƙanta. Kwaɓin kuma na farar ƙasa ne da yashi, ba siminti ba, yana ɗaukar makonni kafin ya kama. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Wata rana kuma ya ja shi jikin wani ginshiƙi, ya ɗora yatsansa a kan wani ɗan zane da aka sassaƙa a dutsen, kamar kibiya. A na kusa da shi ma kibiya. Can gaba ƙugiya, can kuma wani abu kamar mabuɗi. Ya ce kowane magini na wancan zamani yana da tasa alamar, yana sa ta a duk dutsen da ya fito daga hannunsa.

"Mai kibiyar nan ba wanda ya san sunansa yanzu," in ji Tsoho. "Amma da ginshiƙin nan ya faɗi, an san wanda za a nema. Zaɓi taka."

Isha'aku ya zaɓi layi uku da suka fito daga gindi ɗaya suka baje, yadda azara ke fitowa daga bango a bakan ubansa. Tun daga ranar bai ƙara sa dutse a gini ba tare da ita ba. Sai dai a Jidda ba dutse aka ba shi ba, bulo ne, bulo kuwa ba wanda ke sa masa hannu.

Duktur Thamer likitan ido ne, ɗan Jidda, wanda ya yi karatu a Faransa yana saurayi. A can ya ga irin waɗannan gine-gine, sanyinsu da shirunsu suka zauna masa a rai. Da ya kusa ajiye aiki sai ya ce yana son ɗakin karatu a filinsa na Abhur, na dutse zalla, a kan wannan tsari. 'Yan kwangila uku suka zo, duka suka ce a zuba kankare da rodi a liƙa dutse a fuska, ba mai ganewa. Ya ce shi zai gane. Abduljalil ne ya tuna akwai wani tsoho cikin masu tayil da ke cewa ya taɓa zama Faransa, ya kawo shi, a zatonsa ya kawo wanda zai riƙa aika.

Abduljalil Bahaushe ne, iyayensa daga Sudan suka zo, shi kuwa a unguwar Ruwais ta Jidda aka haife shi. Larabcinsa ba ya bambanta da na 'yan ƙasa, shi ya sa ya saba tsayawa tsakanin mai gida da ma'aikaci, kowace magana sai ta bi ta bakinsa. Ranar da ya kawo Isha'aku abin bai tafi haka ba. Duktur ya miƙo hoto a wayarsa. Isha'aku ya duba ya daɗe, ya tambaya ko nawa ne faɗin ɗakin da ake so. Aka ce mita biyar. Ya ce to bango ba zai gaza mita ɗaya da kwata ba, da ƙafar tallafi daga waje a gindin kowane baka. Duktur ya jefa masa tambaya da Faransanci, ya amsa. Suka yi rabin awa suna magana, Abduljalil na tsaye yana juya mabuɗin mota a yatsa.

Isha'aku ya kafa sharaɗi ɗaya. A can, kawunan ginshiƙai cike suke da siffofin mutane da namun daji, shi ba zai sassaƙa mai rai ba. Duktur ya ce dama ganyen dabino yake so. Shi ma ya faɗi nasa: ranar da rufin ya tsaya da kansa, zai mai da iƙamar Isha'aku ƙarƙashin sunansa.

Da Isha'aku ya koma gida ya gaya wa Rakia, ta zuba masa shayi. Sannan ta ce ta daɗe tana jin labarin Tsohon nan har ta ɗauka ƙari yake yi. Latifatu ta tambaya da Larabci ko za ta iya zuwa ta gani in an gama. Ya ce da Hausa za ta roƙa, sannan a duba.

Aka kama aiki. Dutse fari mai ɗan rawaya ake kawowa daga wajen Riyad. Ma'aikata shida ne, babbansu Abdoulaye, mutumin Chadi, mai ƙarfi da ƙarancin magana. Isha'aku ne ke gyara fuskar kowane dutse da guduma da kurfi, in ya gama ya juya shi ya buga layinsa uku, sannan a ɗauka. Ɗakin gaɓa uku ne, kowace gaɓa da bakanta da 'yar tagarta a bangon yamma mai kallon teku, tagar da ba ta fi faɗin kafaɗar mutum ba daga waje, ta buɗe daga ciki don haske ya bazu. Bayansa na ciwo, ƙurar dutse na sa shi tari, amma Rakia ta lura ya daina yin shiru a kan abinci.

Abduljalil kuwa ya sa masa suna Khawaja, wato Bature, yana haɗawa da Ammu, wato baffa. In ya iso da safe zai ce, "Ya Ammu Khawaja, yau dutse nawa za mu yi? Biyu? Yalla, kada ka gaji, sai jikokinmu su ƙarasa." Isha'aku kan ce masa jikokin za su sami inda za su zauna dai. Ma'aikata su yi dariya ƙasa-ƙasa, don takardunsu duka a hannun Abduljalil suke.

A wata na bakwai aka rufe gaɓa ta uku. Isha'aku da kansa ya hau ya saukar da dutsen tsakiya, wanda ke kulle baka, ya buga shi da gudumar katako har ya zauna. Gaɓa biyun farko an riga an cire musu gado, suna tsaye. Ta ukun ya ce kada a taɓa katakonta sai bayan kwana arba'in.

A nan matar Duktur, Nuf, ta kawo ziyara. Ta yaba ginin, sannan ta yi tambayar da kowa zai yi: an zo bakin teku, me ya sa tagogin suka zama kamar na kurkuku? Ko ɗaya ba za a faɗaɗa ba, mutum ya zauna ya ga ruwa? Tambaya ta yi, ba umarni ba. Isha'aku ya ba ta amsa da ladabi cewa bangon nan shi ke riƙe da rufin, abin da aka rage masa an rage wa rufin. Ta ce to, ta fahimta. Amma Abduljalil ya raka ta mota. Ya ji cewa 'yar'uwarta na shirin gina babban gida a nan kusa, yana son aikin. Ya ce mata tsofaffi haka suke, komai a wurinsu ba ya yiwuwa, ta bar masa, abu ne mai sauƙi.

Duktur ya tafi taro ƙasar waje na mako guda. Isha'aku kuma ya bi mota zuwa wurin haƙar dutse don ya zaɓo na daɓen ƙasa, tafiyar kwana biyar. Kafin ya tafi ya kama hannun Abduljalil ya nuna masa gadon katakon, ya ce saura kwana ashirin da takwas. Abduljalil ya ce halas, wato shi ke nan, ya ji.

Washegari ya kawo injin fasa kankare. Abdoulaye ya ce Mu'allim, wato Isha'aku, ya hana. Abduljalil ya tambaye shi ko Mu'allim ne ke riƙe da fasfonsa. Cikin kwana uku aka fasa tagar gaɓa ta uku ta koma mita biyu da rabi. Aka cike gefunan da bulo da siminti, aka sayo dutsen inji daga shago aka rufe fuskar, aka gitta ƙarfe a sama. Rana ta huɗu ya sa aka zare gadon katako gaba ɗaya, don ɗakin ya fito fes. Ya kira Nuf ta zo ta gani. Ta ga teku shuɗi cike da tagar, ta yi murna. Ya ce mata ai da ya lallashi tsohon, shi da kansa ya yi kafin ya tafi.

Isha'aku ya dawo ranar Asabar da hantsi. Tun daga bakin ƙofar fili ya hango katakon gado a jibge a waje. Ya shiga. Ma'aikata shida na zaune a ƙarƙashin gaɓa ta uku, wurin ya fi ko'ina iska yanzu, sun baje burodi a kan takarda, ga farantin ful, wato dafaffen wake. Bai kalli tagar sau biyu ba. Faranti ya kalla. Wani farin gari na sauka a kan ful ɗin, siriri, kamar ana barbaɗa gishiri. Ya ɗaga kai ya ga tsaga ta bi tsakiyar rufin, wadda za ta ɗauki kaifin wuƙa. Ya ciro igiyarsa mai dalma ya sake ta a jikin bangon yamma. Bangon ya kauce waje da yatsa uku.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Abdoulaye, ku tashi ku fita. Ku bar abincin. Kada wanda ya taɓa bango."

Wani ya miƙa hannu zai ɗauki butar shayi, ya ce a bar ta. Suka fita. Ya sa aka ja igiya aka kewaye wurin, ya fara tunanin yadda za a tokare bangon daga waje da katakon da aka zare. Ba su kai ga ɗaga na farko ba. Wani sauti ya fito kamar an taka busasshen kara, bangon tagar ya buɗe waje, gaɓa ta uku ta zauna ƙasa gaba ɗayanta. Ƙura ta rufe su. Da ta lafa, gaɓa biyun farko na nan tsaye, bakan da ya raba su da ta ukun bai motsa ba. Isha'aku ya ƙirga mutanensa, shida. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya juya gabas ya kai goshinsa ƙasa a kan tsakuwa, ya daɗe bai ɗago ba.

Mai kunya da ya ga haka sai ya zo ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara, tun da Allah ya tsare rai. Abduljalil waya ya ɗauka. Kafin jirgin Duktur ya sauka ya riga ya cika masa kunne. Ya ce tsohon bai iya aikin ba, dama da baki ya iya. Ya ce tagar ma shi ya faɗaɗa ta da hannunsa, Madam shaida ce. Sannan ya ƙara abin da ya fi duka muni. Ya ce mutumin nan shekara huɗu ya yi yana gina coci, kuma akwai wata alama ta Nasara mai layi uku da yake bugawa a ɓoye a jikin duwatsu. Ya ɗauki hotonta ya tura. A ƙasar nan irin wannan magana ba ta tsayawa a korar aiki. Ya sani, shi ya sa ya zaɓe ta. Ma'aikata kuwa ya tara su ya gaya musu abin da zai sami duk wanda ya buɗe baki.

Kwana biyu Isha'aku na gida. Iƙama saura mako bakwai. Rakia ta fara duba akwatuna ba tare da ta ce tana dubawa ba. Latifatu ta zo ta zauna kusa da shi, ta haɗa Hausarta da ƙyar ta tambaye shi ko a Damagaram akwai teku. Ya ce babu, akwai duwatsu dai manya. 

Ranar Talata da safe Duktur ya kira su duka zuwa filin. Fuskarsa ba walwala. Ya tsaya a gaban tarin duwatsun, ya ce Abduljalil ya maimaita abin da ya faɗa a waya, a gaban mai shi. Abduljalil ya maimaita, har da ƙari. Da ya zo kan alamar sai ya ɗauko wani dutse ya juya shi, ya nuna layi ukun.

"Ga ta, ya Duktur. Wallahi ba dutse ɗaya da ya taɓa sawa a ginin nan bai buga masa wannan ba. Ko ɗaya. Na sa ido a kansa tun ranar farko."

Duktur ya juya ga Isha'aku. "Mu'allim, haka ne?"

"Haka ne, Duktur. A nan bai yi ƙarya ba."

Ya yi bayanin alamar a taƙaice, da Larabci don kowa ya ji: azara uku ce ta bakan ubansa, kuma al'adar magina ce da ya koya, kowa ya sa hannu a dutsensa don in gini ya faɗi a san wanda za a kama. Duktur ya shafa layukan da yatsa. Ya ce ya sha ganin 'yan zane-zanen nan a ginshiƙai lokacin yana ɗalibi, ya ɗauka ɓarnar yara ce.

"To tun da shi da kansa ya shaida ba na tsallake dutse," in ji Isha'aku, "a juya na tagar nan. In da hannuna a jiki, ni na yi. Ka kira 'yan sanda, ba zan ce uffan ba."

Abduljalil ya ce wannan ɓata lokaci ne, rana na yi, Duktur na da asibiti. Duktur ya naɗe hannun rigarsa ya ce yau ba shi da asibiti.

Duwatsun rufi sun zube ciki, na bangon taga sun zube waje wajen teku, don haka ba a sha wahalar rabewa ba. Aka fara da na ciki. Duk wanda aka juya, layi uku, da farin kwaɓi mai murmushewa a hannu. Aka koma waje. Na ƙasan bango, layi uku. Da aka zo gefunan tagar sai ga dutse mai santsi, yankan inji, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, bayansa fes ba ko ƙwarzane, siminti baƙi manne da shi. Aka juya na biyu, haka. Na goma, haka. A ƙarƙashinsu ga fasassun bulo, ga ƙarfen da aka gitta ya lanƙwashe. Duktur ya ɗauki guntun bulo ya riƙe, ya tambayi Abduljalil a wane shafi na zanen ginin aka rubuta bulo.

Abduljalil ya fara cewa wataƙila tsohon ya yi sauri ne ya manta alamar. Ba wanda ya taya shi. Sai Abdoulaye ya matso, ya share hannunsa a wando. Ya ce shi ya riƙe injin da aka fasa tagar, bisa umarnin Abduljalil, Mu'allim na can wurin dutse. Ya ce su suka zare katakon. Ya ce kuma su shida suna cin abinci a ƙarƙashin rufin nan ranar Asabar, ba don mutumin nan ya kalli farantinsu ba da yanzu ana neman wanda zai kai gawarsu gida. A yi abin da za a yi da fasfonsa. Sauran biyar suka ce haka ne.

Duktur bai yi faɗa ba. Ya karɓi mabuɗan filin daga hannun Abduljalil, ya ce ya kawo takardun mutanen nan kafin la'asar. Sannan ya je gaban Isha'aku ya roƙe shi ya yafe masa kwana biyun da ya yi yana zarginsa. Isha'aku ya tuna masa cewa alkawari ranar da rufi ya tsaya ne, ga shi kashi ɗaya na ƙasa. Duktur ya nuna gaɓa biyun da ke tsaye, ya ce waɗannan sun ishe shi shaida. A makon aka mai da iƙamar. Nuf ta aiko da saƙon ban haƙuri, ta ce a mai da tagar yadda take.

Wata huɗu aka ƙara kafin a sake rufe gaɓa ta uku. Yawancin duwatsun da suka faɗi ba su fashe ba, aka kankare su aka mai da su mazauninsu. Wannan karon Isha'aku ya ce Abdoulaye ya zaɓi tasa alamar, ya zaɓi ƙugiya. Aka cika kwana arba'in cif, aka sassauta katakon a hankali, yatsa-yatsa, rufin bai ce komai ba.

Ranar da aka share ɗakin Isha'aku ya kawo Rakia da Latifatu, don ta roƙa da Hausa. Bayan la'asar ne. A waje zafin Jidda na dukan mutum a fuska, a ciki kuwa sanyi kamar na randa, ba na'ura ko ɗaya. Rana ta sauko wajen teku, haske ya shigo ta 'yan tagogin uku ya kwanta a daɓe, dogo, ya hau ganyen dabinon da ke kan ginshiƙai. Latifatu ta yi magana, muryarta ta zagaya ta dawo mata, ta rufe baki tana dariya. Rakia ta shafa bango ta ce ashe ba ƙari yake yi ba.

Shi dai yana tsaye a tsakiya. Ya gode wa Allah da ya sa idonsa ya faɗa kan farantin ful. Ya yi wa ubansa addu'a, wanda ya fara nuna masa cewa rufi na iya lanƙwasa. Ya tuna Tsoho, wanda tabbas ya daɗe a ƙasa, mutumin da ba su haɗa addini ba, ba su haɗa harshen uwa ba, amma ya kwaɗa masa hula a hannu ya ba shi abin da ya tsare masa mutunci bayan shekara talatin da huɗu. Bai taɓa ce masa na gode ba, don a lokacin yana ganin tsohon faɗa kawai ya iya. Ya tuna har da mai kibiya. Ya ciro hankicinsa ya goge fuska, ya ce ƙurar dutse ce. Rakia ta ce ai an share ɗakin.

Abduljalil kuwa, Duktur ya kai ƙararsa kan jefa rayukan ma'aikata cikin haɗari, da riƙe takardunsu, da ƙazafi. Mutum shida suka ba da shaida. Ya yi wata takwas a kurkuku. Da ya fito aka soke iƙamarsa, aka buga masa fita ta ƙarshe, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Sawakin ta Sudan, ƙasar da bai taɓa kwana a cikinta ba.